Kwantai Ne Ya Kashe Superman

Duk ranar Laraba, ranar da aka saba sababbin mujallun zane su isa shaguna a Amurka, masu karatu sukan tafka muhawara kan abin da ya fito, kuma shekara da shekaru ƙorafin bai sauya ba. An sake kashe wani jarumi alhali kowa ya san zai dawo. An sake mayar da lambar mujalla ta koma ta ɗaya. Labarin da fitowa guda za ta ishe shi an ja shi har fitowa shida, ko kuma an warwatsa shi cikin mujallu barkatai, sai mutum ya saye su duka kafin ya gane inda aka dosa. Yawanci marubuta da editoci ake ɗora wa laifi, a ce basira ta ƙare musu. Wannan hukunci ya yi gaggawa. Wanda ya bi tarihin sana'ar tun daga tushe zai ga cewa ba a ɗakin marubuci ake yanke wa labarin sadaukai fasali ba. A kasuwa ake yanke shi, kuma abin da ya fi komai tasiri shi ne wanda asarar kwantai ke faɗa wa. Da asarar ta tashi daga kan wani ta koma kan wani, sai salon labari ya bi ta.

A rumfar mai jarida sana'ar ta fara. A 1934 aka soma sayar da Famous Funnies a kan senti 10, farashin da ya zauna daram kusan shekara talatin. A 1938 Action Comics ta fito da Superman, wanda samari biyu 'yan Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka ƙirƙira suka sayar da haƙƙinsa a kan dala 130. Batman ya biyo baya a 1939. Tsarin cinikin lokacin shi ne mawallafi ya buga da yawa, dillalai su rarraba a rumfunan jarida da kantunan magani da na alewa, abin da bai shiga ba a mayar masa. Ba ma mujallar sukutum ake mayarwa ba: mai rumfa kan yage bangon, ko kan bangon inda suna yake, ya aika a matsayin shaidar cewa ba ta sayu ba, a cire masa kuɗinta. Ragowar takardun doka ta ce a lalata, ko da yake da yawa sukan ɓulla ta bayan fage a kan rabin kuɗi. Ke nan asara ta mawallafi ce, kuma sai bayan watanni yake sanin abin da ya sayar. Shi ya sa bayan fitowar farko ba a sake sa Superman a bangon Action Comics ba sai a fitowa ta 7. Kamfanin bai riga ya gane cewa shi ne ke jawo ciniki ba.

Mai sayen kuwa yaro ne da ya biyo hanya da 'yan canjinsa. Babu tabbacin ya karanta ta watan jiya, babu tabbacin zai samu ta watan gobe, domin mai rumfa ba ya zaɓen abin da ake kawo masa. Don haka dole kowace fitowa ta tsaya da ƙafafunta: a gabatar da jarumi, mugu ya ɓullo, a yi ta ta ƙare cikin 'yan shafuka. Dole kuma bango ya ja ido daga nesa. Wannan kasuwa ba ta da wata amana ga masu tashi sama. Kyaftin Amurka da ya naushi Hitler a bangon fitowarsa ta farko a 1941 ya yi tashe a lokacin yaƙi, amma da yaƙi ya ƙare jama'a suka juya baya, sai mawallafa suka bi su. Joe Simon da Jack Kirby, su ɗin da suka ƙirƙire shi, su ne suka buɗe ƙofar labaran soyayya da Young Romance a 1947. Labaran 'yan fashi da na kaboyi da na ban tsoro suka cika rumfuna, kamfanin EC na William Gaines kuma ya fito da Weird Science da Weird Fantasy, ƙagaggun labaran kimiyya gajeru masu ƙarewa da ba-zata, waɗanda har yau ba a cika samun kamarsu ba.

Mai ja zai ce ai ba kasuwa ce ta kashe wannan yalwa ba, takunkumi ne. Gaskiya ne a 1954 likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya wallafa Seduction of the Innocent yana danganta lalacewar yara da mujallun zane, wani kwamitin majalisar dattawa ya zauna a New York ya saurari shaidu, mawallafa kuma suka tsorata suka kafa wa kansu hukumar tacewa, Comics Code Authority. Sai dai a lura, gwamnatin tarayya ba ta haramta komai ba. Hukumar ba ta da ɗan sanda, ba ta da kotu, hatimi kawai take da shi, ɗan farin tambari a kusurwar bango. Ƙarfin hatimin daga dillalai ya zo, domin su ne suka ƙi ɗaukar duk mujallar da ba ta da shi, wasu ma suka riƙa mayar da ɗaurin kaya ba tare da sun kwance ba. Ga mawallafin da kwantai ke wuyansa, wannan kaɗai ya isa ya durƙusar da shi. Rigimar da ta fi shahara ta faru ne kan wani labarin EC mai suna Judgment Day, inda ɗan sama-jannati ya je duniyar mutum-mutumi masu nuna wa juna bambancin launi, sai a hoton ƙarshe ya cire hular kwanonsa aka ga baƙar fata ne. Shugaban hukumar, Charles Murphy, ya nemi a sauya launin mutumin, Gaines ya ƙi, labarin ya fito yadda yake a Incredible Science Fiction ta 33, kuma ita ce mujallar zane ta ƙarshe da EC ta buga. Takunkumin gaske ne, amma ta hanyar dillali ya ciji mutane. Hujja kuwa ita ce, da hanyar sayarwa ta sauya daga baya, hatimin ya zama hoto: manyan kamfanonin biyu suka rabu da shi, Marvel ta yar da shi a 2001, DC a 2011, babu wanda ya ce uffan.

Abin da ya tsira daga wannan tankaɗe shi ne sadauki mai tsabtar hali, sai labarin kimiyya ya shige cikin rigarsa. Editan DC Julius Schwartz, wanda tun yana saurayi yake cikin harkar labaran kimiyya, ya farfaɗo da Flash a 1956 a matsayin masanin kimiyya na 'yan sanda da tsawa da sinadarai suka sauya, sannan Green Lantern a 1959 a matsayin ɗan sandan sararin samaniya. A Marvel ma haka: hasken sararin samaniya ne ya haifi Fantastic Four a 1961, bam ya haifi Hulk, gizo-gizo mai guba ta nukiliya ya haifi Spider-Man a 1962. Akwai wani abu a nan da masu yabon Stan Lee da Kirby da Steve Ditko, maƙirƙiran waɗannan jarumai, sukan tsallake. A 1957 babban dillalin da kamfanin ya dogara da shi, American News Company, ya rufe, dole mai kamfanin Martin Goodman ya koma hannun Independent News, dillalin da ke ƙarƙashin abokan hamayyarsa masu DC. Su kuwa suka ƙayyade masa mujallu kusan takwas a wata. Ƙuncin nan ya sa edita ɗaya da 'yan masu zane ƙalilan suka riƙe komai a kansu, har jaruman suka zama maƙwabta a birni ɗaya, wannan ya leƙa labarin wancan. Duniyar Marvel mai haɗe da juna, wadda yau ake gina finafinai a kanta, basira ce ta haife ta, amma ƙaramin fili da dillali ya bari ne ya ba ta siffa.

Zuwa farkon shekarun 1970 rumfar jarida ta gaji da mujallun zane. Ribar da ke kan abin senti 20 ba ta taka kara ta karya ba, ƙananan kantunan unguwa suna ta rufewa, kwantai kuma yana cin mawallafa. A nan ne wani malamin makaranta ɗan Brooklyn, Phil Seuling, mai shirya tarukan masoya mujallun zane, ya zo da tayin da ya juya sana'ar gaba ɗaya: a ba shi ragi mai kauri ya sara kai tsaye ya rarraba wa shagunan da ba su sayar da komai sai mujallun zane, shi kuma ya yi alkawarin ba za a dawo da ko ɗaya ba. Mawallafa suka karɓa hannu bibbiyu. Yanzu abin da aka yi oda shi za a buga, kuma da ya bar maɗaba'a an sayar ke nan. A 1981 Marvel ta gwada fitar da Dazzler ta farko a irin waɗannan shaguna kaɗai, ta sayar da fiye da kwafe 400,000. Daga nan alƙibla ta sauya.

A duba abin da wannan ke nufi ga mai shago. Yana zaune da kundin odar wata, yana cike adadin da yake so na mujallar da ba za ta fito ba sai nan da wata biyu, bai ga cikinta ba sai bango da 'yan layukan talla. Bayan kantarsa akwai dogayen akwatunan kwali, kowane kwastoma na dindindin da sunansa a jikin kati, ana ajiye masa abin da ya saba saye har ya zo ya karɓa. Duk kwafen da ya yi saura kuɗinsa ne ya kwanta. Mutum mai irin wannan hali ba ya caca da baƙon suna. Abin da ya sani yake oda, wato Batman da X-Men. Kuma tun da fitowa ta ɗaya ita ce kowa ke son gwadawa, ita ce kuma masu tarawa ke nema, yakan yi odarta da yawa, ya rage a ta biyu, ya ƙara ragewa a ta uku, tun kafin mai karatu ya faɗi ra'ayinsa. Mawallafi kuma ya gane cewa ainihin kwastomansa ba mai karatu ba ne, mai shago ne. To ta yaya za a sa mai shago ya ƙara oda? A ba shi sabuwar lamba ta ɗaya. A sanar da mutuwa. A ɗaura mujallu goma a jikin labari guda yadda kwastoman ɗaya zai zama kwastoman goma. A buga bango iri-iri, a ce sai wanda ya yi odar kwafe kaza zai samu bangon da ba a cika samu ba. Duk abin da ake kuka da shi ranar Laraba yana cikin wannan lissafi.

Tarihi ya bi lissafin sau da ƙafa. Secret Wars ta Marvel a 1984, wadda aka shirya tare da kamfanin kayan wasan yara na Mattel, da Crisis on Infinite Earths ta DC a 1985, inda aka kashe Supergirl da Flash, su suka kafa al'adar babban labarin shekara. A 1988 DC ta ba masu karatu lambobin waya biyu su zaɓi ko yaron Batman, Robin na biyu, Jason Todd, ya rayu ko ya mutu. Masu son mutuwarsa suka yi rinjaye da ƙuri'a 72, aka kashe shi, a 2005 kuma aka dawo da shi. A 1991 X-Men ta ɗaya ta Chris Claremont da Jim Lee ta fito da bango iri biyar, shaguna suka yi odar fiye da kwafe miliyan 8, adadin da ba a taɓa kamowa ba. Sai ƙarshen 1992, lokacin da Superman ta 75, wadda aka kashe Superman a cikinta, ta fito cikin baƙar leda a liƙe, a ciki har da baƙin ƙyallen makoki na ɗaurawa a dantse. Mutanen da ba su taɓa shiga shagon ba suka yi layi, wasu suka sayi biyu, ɗaya ta karantawa, ɗaya ta ajiya ba a ɓare ba, suna zaton wata rana za ta yi tsadar Action Comics ta 1938. Sun manta cewa waccan ƙarancinta ne ya ba ta daraja, don yara sun yayyage nasu, iyaye sun zubar, yaƙi kuma ya cinye tsofaffin takardu. Kafin shekara ta cika Superman ya tashi. Masu saye don ajiya suka watse, shaguna suka wayi gari da tulin kayan da ba mai so kuma ba damar mayarwa, dubbai suka rufe. Marvel ta nemi kariyar kotu daga masu bin ta bashi a ƙarshen 1996, ko da yake nata ciwon har da basussukan da mai ita na lokacin, Ronald Perelman, ya jibga mata. Dillalai suka faɗi ɗaya bayan ɗaya har saura Diamond kaɗai.

Akwai ja mai ƙarfi da ya kamata a saurara: wai ai wannan kasuwa da ake zagi ita ce ta haifi mafi kyawun abin da sana'ar ta taɓa yi. Haka ne, babu musu. Watchmen ta Alan Moore da Dave Gibbons da The Dark Knight Returns ta Frank Miller, duka a 1986, ba za su rayu a rumfar jarida ba, domin suna bukatar baligin mai karatu da zai dawo wata bayan wata, yana tune da abin da ya wuce. Kuma tun da ba a dawo da kaya, mutum biyu da 'yan kuɗi kaɗan za su iya zama mawallafa, kamar yadda Kevin Eastman da Peter Laird suka yi da Teenage Mutant Ninja Turtles a 1984. Amma wannan ja ba ya rushe batun, ƙarfafa shi yake yi. Tsarin da ya ba marubuci amintaccen mai karatu shi ne ya ba kamfani mai karatun da za a tatsa. Zumar da ɗacin daga gora ɗaya suka fito. Hatta jan labari zuwa fitowa shida yana da tushe a ciniki, domin tun da aka fara haɗa fitowa biyar ko shida a ɗaure su littafi guda a kai kantin littattafai, marubuta suka koma auna labari da faɗin wannan littafi. Wanda ya san yadda marubutan adabin kasuwar Kano suka riƙa raba labari ɗaya zuwa littafi na ɗaya da na biyu da na uku, a yanke shi daidai inda hankali ya tashi, saboda kuɗin bugu da aljihun mai saye, ba zai yi mamaki ba.

Ja na biyu ya fi wannan kaifi. Ana cewa matsalar ta mallaka ce: jarumin dukiyar kamfani ne, Disney ta sayi Marvel a 2009 a kan kusan dala biliyan 4, ba za a bar kadara irin wannan ta mutu ko ta tsufa ba. Akwai gaskiya a ciki, kuma shi ya sa labaran da mahaliccinsu ke da mallaka, kamar Invincible da The Walking Dead na Robert Kirkman, suka iya kai ƙarshe suka tsaya. Sai dai mallaka tana bayyana dalilin dawowar jarumi ne, ba dalilin kashe shi ba. DC ta mallaki Superman tun 1938, kuma ta taɓa kashe shi a 1961, a Superman ta 149, da alƙalamin Siegel kansa: maƙiyinsa Lex Luthor ya yi nasara, aka yi makoki, aka hukunta shi, duk a fitowa guda, aka kuma faɗa wa yara ƙarara cewa labarin na a-ce-ma ne. Wata mai zuwa aka ci gaba kamar ba a yi ba. Mai mallaka ɗaya ne, jarumi ɗaya ne, abin da ya bambanta 1961 da 1992 shi ne wurin sayarwa. A Birtaniya kuma Judge Dredd dukiyar kamfani ne tun 1977, amma da yake yana zaune cikin 2000 AD, mujallar mako-mako mai labarai da yawa wadda ake saye don sunanta, an bar shi yana tsufa shekara bisa shekara, lambar mujallar ta wuce 2,000 ba a ga dalilin mayar da ita ɗaya ba. Japan ma da nata ciwon: Weekly Shonen Jump tana auna labarai da ƙuri'ar masu karatu, wanda ya gaza a datse shi, wanda ya karɓu a yi ta jan sa.

Da wannan idon ya kamata a karanta abin da ake yabo kwanan nan. A 2024 Ultimate Spider-Man ta Jonathan Hickman da Marco Checchetto ta nuna Peter Parker magidanci da mata da 'ya'ya biyu, abin da masu karatu suka daɗe suna nema tun da aka shafe aurensa a 2007. A 2024 ɗin kuma Absolute Batman ta Scott Snyder da Nick Dragotta ta kawo Bruce Wayne marar gadon dukiya, ta yi ciniki na ban mamaki. Aiki ne mai kyau, yabon ya cancanta. Amma duka biyun a wata duniya ta gefe aka ajiye su don kada su taɓa asalin kadarar, duka biyun sabuwar lamba ta ɗaya ce da tarin banguna, duka biyun kuma sunaye ne da mai shago zai yi oda ido rufe. Ƙagaggen labarin kimiyya zalla, irin Saga ta Brian K. Vaughan da Fiona Staples da ta fara a 2012, a wajen manyan kamfanonin biyu yake samun wurin zama, kuma a ɗaurarren littafi ya fi samun sababbin masu karatu. Yaron da ya gina sana'ar da senti 10 kuwa ba ya biyan dala 4 ko 5 kan shafi ashirin da 'yan kai. Yana kantin littattafai yana karanta Dog Man ta Dav Pilkey da labaran zanen Japan.

Tsarin da Seuling ya kafa shi ma ya girgiza. DC ta bar Diamond a 2020, Marvel ta koma hannun Penguin Random House a 2021, wasu suka bi sahu, a Janairun 2025 kuma Diamond ta shiga kotu kan ta kasa biyan basussukanta. Cikin rigingimun da suka biyo baya har da ta littattafan da ƙananan mawallafa suka ajiye amana a rumbunanta don a sayar musu, waɗanda kamfanin ya nemi izinin kaɗarwa ya biya masu bin sa, su kuma masu kayan suka garzaya gaban alƙali suna cewa nasu ne.